Salun ta iyali: in saya ko in haƙura? Tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Tun da mutane suka gane ina da ɗan karambani a harkar mota, kusan duk wanda iyalinsa suka fara yawa sai ya zo min da tambaya iri ɗaya, wai ya sayi matsakaiciyar salun ko ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin jif. Na gaji da maimaitawa shi ya sa na tattara su wuri guda. Tun yanzu in faɗa muku ni ɗan bayan salun ne, amma inda ba ta dace ba zan faɗa ba ɓoye-ɓoye.

Wai wace mota ce ma ake ce wa matsakaiciyar salun?

Mota ce mai ƙofa huɗu, kujerar mutum biyar, but ɗinta a rufe yake daban a baya, ba a haɗe da inda mutane ke zama ba. Ta fi irin su Corolla da Civic girma amma ba ta kai manyan motocin alfarma ba. Tsawonta yawanci mita 4.8 ne zuwa 4.9. Waɗanda kowa ya sani a wannan aji su ne Toyota Camry, Honda Accord, Hyundai Sonata, Kia Optima wadda yanzu ake ce wa K5, Mazda 6, Nissan Altima, Volkswagen Passat, Peugeot 508 da Skoda Superb. Kuma ba yau suka fara ba, Passat tun 1973 take, Accord 1976, Camry 1982, Sonata 1985, kaga kenan duk makaniken da ya san aikinsa ya buɗe cikinsu ya fi a ƙirga.

Malam, ni da maiɗakina da yara uku ne, za ta ɗauke mu?

Za ta ɗauka, amma tsaya tukuna, shekarun yaran nawa? Nan ne maganar take. In sun ɗan tasa, kowa zai zauna ya ɗaura bel ɗinsa, to ba matsala, bayan irin waɗannan motoci yana da wurin miƙe ƙafa sosai, wani lokaci ma ya fi na jif matsakaiciya. Amma in ƙanana ne duka, kowanne sai an ɗaura masa kujerar yara, gaskiya uku a jere ba sa shiga a yawancinsu, ko sun shiga ma hannunka ba zai sami inda zai bi ya danna bel ba. Maƙalan da ake kama kujerar yara da su, waɗanda ake kira ISOFIX, yawanci kujeru biyu na gefe ne kawai ke da su, ta tsakiya babu. Kuma kujerar tsakiyar nan a mafi yawan salun tana da ɗan tudu, ga wani tudun a ƙasa wurin ƙafa, babba in ya zauna a nan tafiyar awa uku sai ya sauko yana ɗingishi.

Saboda haka kar ka tsaya lissafi a baki, ka ɗauki kujerun yaran ka tafi da su wurin motar, ka ɗaura su da hannunka, ka rufe ƙofa ka gani. Kuma ka yi lissafin gaba, in kuna sa ran ƙaruwa ko akwai wata dattijuwa da kullum da ita ake fita, kun zama shida kenan, salun ta fita daga lissafi. Ka nemi mai layin kujeru uku. Ɗora yaro a cinya ko cusa huɗu a baya ba dabara ba ce, ganganci ne.

To me ya sa kowa ke gudu wajen jif in dai salun tana da kyau?

Rabi dai ido ne, a faɗi gaskiya. Mutum yana son ya zauna a sama yana kallon kowa a ƙasa. Ɗaya rabin kuma dalili ne na gaske: shiga da fita ya fi sauƙi ga mai ciwon gwiwa ko baya, saka jariri a kujerarsa ba sai ka duƙa sosai ba, ƙofar baya tana buɗewa gaba ɗaya ka zura kaya mai tsayi, sannan ga tsayi daga ƙasa.

Amma abin da mutane ba sa lura da shi, da yawa daga jif ɗin da ake yayi yanzu salun ce aka ɗaga. RAV4 da Camry na shekarun nan a kan ginshiƙi ɗaya aka gina su, injin ma lita 2.5 iri ɗaya ne. Kenan ka biya ƙarin kuɗi, ka ɗauki ƙarin nauyi, iska ta fi tokare ka a kan babban titi saboda tsayi, mai ya ƙaru, tayoyi sun fi girma sun fi tsada, duk don abin da wataƙila sau biyu a shekara za ka buƙace shi. Salun kuwa saboda tana ƙasa-ƙasa ta fi zama daram a kwana, ba ta yin wannan rangajin, kuma ta fi shiru a doguwar tafiya. Yaran da mota ke sa wa amai sun fi samun sauƙi a cikinta.

Hanyar gidanmu ba kwalta, ga ramuka, za ta iya?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo farko. Tsakanin cikin salun da ƙasa bai wuce santimita 14 zuwa 15 ba, jif matsakaiciya kuwa tana kai 20 ko sama da haka kaɗan. Kuma wannan awon na mota ce ba kowa a ciki, da kun shiga ku biyar an cika but sai ta ƙara zama. In gargada ce kawai da ƙananan ramuka, za ta bi, a hankali dai, sai dai ka sani shokozoba da robobin ƙafa za su riƙa mutuwa da wuri. In kuwa hanya ce mai kwazazzabai, ko ruwa na kwanciya har gwiwa in an yi sama, ko yashi mai zurfi, ɗan uwa ka rabu da salun. Ba bamba da salansa kaɗai za ka riƙa asara ba, ranar da kaskon baƙin mai ya daki dutse ya tsage, in ba ka lura ka kashe motar nan take ba inji ne zai tafi. Shi kuma ruwa in ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, magana ta ƙare.

Wasu suna zuwa a ɗaga musu motar ko su sa taya mai tsayi. Ni ban ba da wannan shawarar ba, kana ɓata yadda aka auna ta ne, sitiyari da birki duk sai sun canza hali.

But ɗin fa, yana cin kaya?

Yana ci sosai, ya fi yadda ake zato. Na Camry kusan lita 430 ne, na Accord kusan 470, Superb kuwa ta wuce 600, ita dama ƙofar but ɗinta da gilashin baya tare suke ɗagawa. Matsalar ba zurfi ba ce, baki ne. Akwatunan tafiya huɗu za su shige lafiya lau, amma ƙaramin firji ko keken yaro ko keken guragu sai ka ga bakin ya hana, alhali a ciki akwai wuri. In akwai wani abu da kullum da shi kuke yawo, kamar keken tura jariri, shi ma ka tafi da shi ka gwada. Ka kuma duba ko kujerun baya suna kwantawa, ba duka ke yi ba, musamman tsofaffin masu haɗa fetur da batir.

Abu ɗaya da nake so da but ɗin salun, kaya a rufe suke ba mai leƙowa ta gilashi ya gani, kuma in an taka birki da ƙarfi ba abin da zai taso ya daki kan yara.

Ya shan manta yake? In ɗauki mai silinda huɗu ko V6, wato mai shida?

Huɗu. In dai iyali za ka ɗauka, makaranta, wurin aiki, asibiti, ziyara, silinda huɗu mai lita 2.0 zuwa 2.5 ya ishe ka har da saura. Na zamanin nan suna shan kamar lita 7 zuwa 8 a kilomita 100 in an haɗa gari da babban titi, a cunkoso da esi a kunne kuwa ka sa ran 10 ko fiye. V6 daɗi gare shi ba ƙarya, in ka taka totur sai ka ji kamar an tura ka daga baya, amma daɗin minti biyu ne, kuɗin mai kuma kullum ne. Ga fulogi shida, ga baƙin mai mai yawa, ga shi ya cika gaban motar taf makanike sai ya kwance abubuwa kafin ya kai ga fulogin baya. V6 na Accord kuma bel ne ke daidaita masa taimin, ba sarƙa ba, dole a canza shi wajen kilomita 160,000, in ya tsinke a kan tafiya aikin ba ƙarami ba ne. Kamfanonin da kansu ma sun bar shi, Accord ta daina V6 daga ƙirar 2018, Camry kuma daga ta 2025.

Mai haɗa fetur da batir ɗin nan fa, ba rigima ba ce?

A da ni ma tsoronta nake, yanzu na sauko. Toyota ta fara sa wa Camry wannan tsarin tun 2006, ba sabon abu ba ne. Ba a jona ta a wuta, da kanta take cajin batirinta in ana tafiya da kuma lokacin taka birki, shi ya sa a cikin gari ne ta fi nuna kanta, inda ake tsayawa ana tashi. Ta zamanin nan tana shan wajen lita 4.5 zuwa 5 a kilomita 100. Yi lissafi da kanka: in kana yin kilomita 15,000 a shekara, mai fetur zalla za ta sha kusan lita 1,100, ita kuma kusan 700. Lita 400 kenan duk shekara ta rage a aljihunka, kuma birkinta yana daɗewa bai cinye ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne in ta hannu ce ta tsufa. Babban batirin yana gajiya, zafi ne babban maƙiyinsa, kuma akwai wata 'yar fanka da ke sanyaya shi wadda take shaƙar iska daga wajen kujerar baya, in ƙura ta toshe ta ko yara sun tura mata leda batirin zai ta dahuwa ba ka sani ba. Kafin ka saya a sa mata kwamfuta a duba lafiyar batirin, kuma ka tabbata akwai mai gyaran da ya san ta a kusa da kai. In babu, ka ɗauki mai fetur zalla ka huta.

Na ji an ce kamfanoni suna daina ƙera salun, ba zan rasa kayan gyara ba?

Gaskiya ne wasu sun daina. Ford ta tsayar da Fusion a 2020, Mondeo ta Turai a 2022, Chevrolet Malibu ta tsaya a 2024, Mazda 6 an janye ta daga kasuwar Amurka bayan ƙirar 2021, sabuwar Passat ta Turai kuma mai dogon baya kawai ake yi. Duk jif ce ta cinye musu kasuwa. Amma Camry da Accord da Sonata da K5 suna nan ana yi. Kayan gyara kuwa ba sa ɓacewa don an daina ƙera mota, miliyoyi ne a kan titi, kuma injinansu da giyarsu iri ɗaya ne da na wasu motocin kamfanin. Abin da kan yi wahala shi ne kayan jiki, fitila, bamba, gilashi, na motar da ba ta da yawa a inda kake. Wani amfanin ma, tunda hankalin mutane ya koma kan jif, salun ta hannu mai lafiya ta fi sauƙin samu.

Wacce ta fi a cikinsu? Ka faɗa min suna ɗaya kawai.

Ba zan faɗa ba, don na ga Camry da aka kashe da rashin sabis, na ga Sonata da aka riƙe da kyau tana tafiya kamar agogo. In ta hannu za ka saya, wanda ya riƙe ta ya fi tambarin da ke gabanta muhimmanci. Amma kowacce da halinta. Camry laushi da rashin rigima, ba ta da wani armashin tuƙi. Accord da Mazda 6 sun fi daɗin sitiyari, sun ɗan fi tauri a gargada. Sonata da Optima kayan ƙawa da yawa a kuɗi kaɗan. Passat da Superb faɗi da nutsuwa a babban titi, sai dai ba sa yafe wa wanda ke wasa da sabis ko zuba musu kowane irin mai.

Akwai kuma lalurorin da aka sani, ka riƙe su. Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san wasunsu da shan baƙin mai saboda zoben fistin. Sonata ta 2011 da 2012 Hyundai ta yi kiranyensu a 2015, wato ta ce a mayar da su a gyara, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, wanda kan sa injin ya kama. Sai jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ta jawo kiranyen motoci mafi girma da aka taɓa yi, ta shafi kamfanoni da dama, har da Accord na farkon shekarun 2000. Duk wannan ana ganewa da lambar jikin mota mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da ita ake bincika ko an yi wa motar gyaran kiranyen.

Me ye CVT, kuma me ya sa ake tsoratar da mutane da ita?

Giya ce otomatik wadda ba ta da hawa-hawa na ɗaya, biyu, uku, bel ne na ƙarfe ke zamewa tsakanin wasu faya-fayai biyu. Tana rage shan mai, tafiyarta sumul. Altima ta daɗe da ita, Accord mai silinda huɗu ta koma kanta daga 2013. Tsoron ya samo asali ne daga ƙorafin da aka yi ta yi kan na Nissan na wasu shekaru. Ita dai ba ta son zafi, ba ta son fizga, ba ta son jan kaya, kuma manta daban ne, in aka zuba mata man giyar otomatik na gama-gari an gama da ita. In ka gwada mota ka ji tana kuka kamar jirgi, ko tana karkarwa in za ta tashi, ko inji na ihu motar ba ta gaba, ka ajiye makulli ka yi sallama. Ta masu batir ta Toyota ita ma ana ce mata CVT amma ginin daban ne, ba bel a ciki, haƙora ne, kuma ba ta cika ba da matsala ba.

Ranka ya daɗe, in an yi hatsari ba jif ce ta fi tsare mutum ba?

In mota biyu suka yi karo gaba da gaba, mai nauyi ta fi samun sauƙi, wannan haka yake. Amma doguwar mota ta fi saurin kifewa, kuma salun matsakaiciya ba ƙaramar mota ba ce, nauyinta ya kai tan ɗaya da rabi. Abin da ya fi girman mota muhimmanci shi ne shekararta. Na'urar da ke hana mota zamewa ta juya, wadda ake rubutawa ESC ko VSC ko VSA, ta zama dole a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga ƙarshen 2014, kyamarar baya ta zama dole a Amurka daga Mayun 2018. Kenan salun ta 2015 ta fi jif ta 2005 tsaro nesa ba kusa ba. Ka nemi mai jakar iska ta gefe da ta labule, don su ne ke kare kan waɗanda ke baya. Ka duba sakamakon gwajin karo na Euro NCAP ko IIHS, hukumomin gwajin tsaron mota na Turai da Amurka, na wannan ƙirar da shekarar. Kuma kujerar jariri mai kallon baya ba a sa ta a gaba in jakar iska na aiki, ko da wasa.

Ranar da zan je ganin ta hannu, me zan duba?

Ka je da safe, ka ce kar a tayar da ita kafin ka zo, kana isa ka ɗora hannu a kan bonet. Ni wannan da kuɗina na koye shi. Na taɓa zuwa ganin wata salun, fes da ita, an wanke har inji yana ƙyalli, na tarar tana kunne wai an kunna min esi ne don ta yi sanyi, na ji daɗi har da godiya. Bayan na saya, washegari da asuba da na murza makulli sai ga wani ƙara kaf-kaf-kaf na kusan daƙiƙa biyar, da shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayan motar. Sati biyu na zaro sandar awon baƙin mai, ɗan ɗigo ne kawai a bakinta. Injin da aka ɗumama yana ɓoye abubuwa da yawa, wanda aka wanke tas kuma yana ɓoye yoyo.

Bayan wannan, in ka murza makulli kafin inji ya tashi, ka ga duk fitilun dashbod sun kama, musamman ta inji da ta jakar iska da ta ABS, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ta aka yi. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri a jikinsa, ruwa na haɗuwa da mai. Ɗaga kafet ɗin but ka cire sifiya ka leƙa, tsatsa ko busasshen taɓo ko warin danshi alamar ta sha ambaliya ce, walda ko lanƙwasa kuma alamar an dake ta ta baya. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa. Ka bi tsagar ƙofofi da bonet da yatsa, in wani gefe ya fi wani faɗi an yi aikin bodi. Tayoyi kuma akwai lamba huɗu a gefensu, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, in sun haura shekara shida ka sa kuɗin sababbi a cikin ciniki ko da zanensu bai cinye ba. Sannan a tuƙa ta aƙalla minti ashirin, da esi a kunne, rediyo a kashe, a hau gargada da gangan. Ka zo da makanikenka, ba wanda mai motar ya kawo ba.

Kilomita nawa ne suka yi yawa?

Lambar ana iya juya ta. Ka kalli sitiyari, robar birki da gefen kujerar direba, su ba sa ƙarya. Mota mai 200,000 da takardun sabis ta fi mai 90,000 da ba wanda ya san tarihinta.

Hajiya ce za ta fi tuƙa ta, ba ta yi tsawo ba?

Ita za a tambaya, kuma ita za ta gwada, ba kai ba. Tsawon ana sabawa da shi cikin sati guda, abin da ya fi damun mutane shi ne ba a ganin ƙarshen but ta madubi, kyamarar baya ko na'urar ƙara tana maganin wannan. Ta zauna ta ga kujerar na ɗagawa daidai tsayinta, sitiyari na matsowa, ƙafarta na kai birki har ƙasa ba tare da ƙirjinta ya manne da sitiyari ba. Ku kuma auna garejinku da tef kafin a biya, mita biyar ake so da ɗan rara, da wurin buɗe ƙofa a fito da yaro.

Kuɗina sun kai daidai na motar cif, in saya?

A'a, ka sauko ka ɗauki wadda ta gaza kuɗinka. Ta hannu duk yadda aka yabe ta, watan farko sai ta ci: baƙin mai da matatunsa, man giya, ruwan lagireto, man birki, wataƙila batir, wataƙila taya biyu, ga inshora da takardu. Ka ware kamar kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari na kuɗin don wannan. In kuma sabuwa ce dal, ka sani shekaru ukun farko ne darajarta ta fi zubewa, saboda haka sai in ka yi niyyar riƙe ta shekara bakwai zuwa goma ne lissafin ke fita. In da bashi za ka saya, kar ka kalli abin da za ka biya a wata kaɗai, ka tara duka watannin ka ga jimilla, sannan ka ɗora mai da sabis a kai ka ga ko albashin zai ɗauka.

Baƙa ko fara?

Fara ko ruwan azurfa. Baƙa ta fi kyau ranar da aka wanke ta, da yamma ta yi ƙura, ga ɗaukar zafi in ta wuni a rana. A ciki kuwa in yaran ƙanana ne ka guji kujerun yadi masu haske, ka nemi fata ko yadi mai duhu, ka sayi shimfiɗar roba ta ƙasa tun ranar farko.